Ba Ruwa, Ba Taki, Ba Magani

A shekarar da gwamnatin ƙasar nan ta kulle ofisoshinta fiye da wata guda, aka ce kowa ya zauna a gida har manya su gama jayayyarsu, a shekarar ne na zalunci Baba Salifu. Sadiya da Nura, kun ji rabin labarin daga bakina muna cin abinci, lokacin ina cikin fushi, kuma na lura har yau in an ambaci sunansa sai ku kalli juna. Sauran rabin ba ku ji ba, don ba ku gari ranar da ya faru, ni kuma kunya ta hana ni maimaita shi. Da son raina ne da ajami zan rubuta muku, don a nan hannuna ya fi sakewa. Amma ba ku iya shi ba, kuma za ku gani a gaba cewa ni ma ban iya shi yadda nake zato ba.

Kun san kakana ne ya rene ni a Zariya, a zaurensa na koyi riƙe alƙalami tun kafin in san akwai wani abu wai shi boko. Kun kuma san aikin da ya kawo ni ƙasar nan, fassara, a wani ofishin gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington, inda na yi shekaru ina juya Turanci zuwa Hausa. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda wannan aiki ya kumbura mini kai. Na kai matsayin da in mutum yana magana ba na jin abin da yake faɗa, kurensa kawai nake jira. A masallaci in an yi gardama kan wata kalma ni ake waiwaya, ni kuma ina jin daɗin waiwayen nan fiye da yadda ya kamata.

Lambun gaban gidanmu na Bowie ba nawa ba ne, na Ummanku ne. Ita ta dasa wardi bakwai a ƙarƙashin tagar falo, irin masu manyan furanni cunkus, waɗanda ake aura wa saiwar wani kamar yadda ake yi wa mangwaro. Duk Asabar tana durƙushe a gindinsu da almakashi, tana tsince ganyen da ya kamu, tana feshi, tana yi musu magana. Ni abin da na sani kawai shi ne in wuce su in shiga mota. To, shekarar da ta gabaci rufe ofisoshin nan ruwa ya ƙi ɗaukewa. Mako guda sai ya wuce ba mu ga rana ba, in ta fito kuma sai gari ya ɗauki gumi. Ƙasar unguwarmu laka ce mai danƙo, ruwa in ya shiga ba ya son fita. Baƙin ɗigo-ɗigo ya bi ganyen wardin nan, suka yi rawaya suka zube, furannin kuma tun ba su buɗe ba suke ruɓewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Kafin sanyi ya shigo, sanduna ne kawai a tsaye.

Da aka zaunar da mu a gida, na rasa inda zan sa kaina. Mutumin da ya saba fita tun da duhu ya kama jirgin ƙasa, ga shi yanzu daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa gareji. Na jera littattafaina sau uku. Na kwance famfon da lafiyarsa ƙalau na kasa mayarwa. Ummanku ta ce in ban samu abin yi ba ita za ta nemi wurin ƙaura. Ana cikin haka, wata safiya da ƙanƙara ta daskare a matakalar ƙofa, ta fita ɗauko wasiƙu, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aka kai ta gidan jinya inda ake koya wa mutum tafiya. Can na same ta wata rana da rana tana kallon bango.

“Malam, ka duba mini wardin nan kuwa?”

“Na duba, Hajiya.”

“Sun mutu, ko? Faɗa mini kawai. Likita ma ya ce ni da durƙuso mun yi sallama. Ka sa a zuba siminti a wurin, kowa ya huta.”

“Siminti a ƙarƙashin tagarki? Kafin ƙaramar Sallah za ki ga fure ta tagar nan, in Allah ya yarda.”

“Kai ɗin? Kai da ba ka san gaba da bayan shebur ba?”

Ta yi dariya har sai da ciwon ya katse ta, kuma dariyarta ta farko ke nan tun faɗuwar. Na fito da alkawari a wuyana, ban san ta inda zan fara ba.

A nan Baba Salifu ya shigo. Mutumin zangon Kumasi ne, ya girme ni da shekara biyu ko uku, yana zaune da iyalinsa a hawa na shida a wani dogon gini a Silver Spring. Aikinsa a wani wurin sayar da dashe ne, yana ɗora buhunan ƙasa a motocin mutane, yana ba tukwane ruwa. A ƙaramin masallacinmu shi ke kiran salla in ladan bai zo ba. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsa, kuma yana cusa kalmomin Asante inda ya ga dama. Boko bai dame shi ba, amma ajaminsa kyakkyawa ne, irin mai kaurin baƙi. Wannan ne ya haɗa mu tun farko, don mu biyu ne kawai a jama'ar nan muke aika wa juna saƙo da shi. Da sanyi ya fara ja da baya na ɗauko shi a tashar jirgi na kawo shi gida. Bai ko kalli littafin hotunan furanni da na tanada ba. Ya karɓi shebur ya haƙa rami, ya cika shi da ruwa, ya ce mu je mu sha shayi. Da muka dawo ruwan na nan yadda yake.

“Ka gani, Malam? Ƙasar ka yana riƙe ruwa paa. Sama ruwa, ƙasa ruwa. Wardin Hajiya ba ciwo ya kashe shi ba, wurin ne ba nashi ba.”

Na buɗe masa littafin na nuna wani ja mai girman tafin hannu, na ce irin wannan nake so.

“Wannan amarya ne, Malam. Kullum wanka, kullum turare, in ka makara kwana ɗaya ya yi fushi. Hajiya yana da ƙafar bin shi yanzu? Kai kana da haƙurin shi?”

Ya zauna a matakalar da ta kayar da Ummanku ya yi mini karatu. Ya ce a garin da ruwa da sanyi suka yi yawa ba fure ake kallo ba, ganye ake kallo. A nemi mai ganye mai kauri, mai tamoji kamar fuskar tsoho, don baƙin ɗigon nan ba ya samun wurin zama a kansa. A nemi wanda furensa ba cunkushe yake ba, wanda ruwan sama zai shiga ya fita. A guji na aure, a nemi wanda ke tsaye a kan saiwarsa, don ko sanyi ya cinye samansa, abin da zai tsiro daga ƙasa shi ne dai, ba wani baƙo ba. Ya ce za a tayar da ƙasar wurin ta yi tudu, a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen ganye, a ba su tazara iska ta riƙa ratsawa, kuma inda ranar safe ke bugawa ya fi, don ta busar da raɓa da wuri. Duk wannan yanzu ne nake tuna shi daki-daki. A ranar, gaskiya, rabin hankalina yana kan hoton jan furen nan, rabi kuma yana ƙirga sau nawa ya ce “Hajiya yana”.

Ya ce yana da guda biyar irin waɗanda yake nufi, ba na wurin aikinsu ba, nasa ne da ya rena da kansa a barandar gidansa shekara uku daga reshe. Ya ce kyauta ce ga Hajiya. Ranar da ya zo dasawa ina asibiti da ita wajen hoton ƙashi, lokacin kuma an buɗe ofisoshi, kwanakina duk a cushe suke. Da yamma ya kira ni.

“Malam, na gama. Huɗu a gaban taga, ɗaya na sa shi a gefe bayan gareji, wuri ya ƙare. Na ba su ruwan farko, sama zai yi sauran. Na rubuta maka komai a katako, na kafa a gindin kowane. Bi abin da na rubuta kawai. Jibi zan tafi Kumasi, tsohuwa ba lafiya, sai bayan Sallah.”

Na yi masa godiya da addu'a. Washegari bayan Asuba na fita na duba. Wasu ƙananan itatuwa ne masu ƙaya kamar bushiya, ba su da wani kyan gani. A gindin kowanne ga ɗan katako da rubutun nan nasa mai kauri, layi uku, na karanta: ba ruwa, ba taki, ba magani.

To, ku da Turanci ya fi zama a bakinku, ku tsaya in bayyana muku. Kalmar nan baƙi biyu ce a ajami, harafin “ba” da harafin alif. In ka ce wa mutum ya miƙa abu, ita ce. In ka ce abu babu shi, ita ce dai. Murya ce ke raba su, takarda kuwa ba ta ɗaukar murya. Ni na zo da zumuɗi, na zo da alkawari, na zo da hannuwa masu neman abin yi tun makonnin zaman gida. Sai na karanta umarni uku: ka ba da ruwa, ka ba da taki, ka ba da magani. Ko kaɗan wani karatun bai ɗarsu a raina ba. Har na ce a zuciyata, ga Hausar zango, ko “shi” ɗin ma ya kasa sawa.

Na kama aiki kamar wanda aka ɗora wa farilla. Bayan Asuba in ja tiyo in shayar da su har ruwa ya kwanta, in na dawo daga ofis in ƙara, ko da an wuni ana yayyafi. Na samo a gareji buhun takin zamani da Ummanku ta rage, na riƙa barbaɗawa da hannu a cike. Na samo tulun feshinta da sauran magungunanta, duk Asabar sai na wanke ganyen nan da su sama da ƙasa. Azumi ya kama, ban fasa ba, ina jin ƙishi ina shayar da su, har ina ganin lada nake samu. Da ganye ya fara rawaya na ce yunwa ce, na ƙara taki. Da ya fara ƙonewa ta gefe na ce cuta ce, na ƙara feshi. Maƙwabciyarmu, dattijuwar nan mai farar mota, ta tsaya ta kan shinge ta ce mini kamar ruwan ya yi yawa, na ce mata wanda ya dasa su ne ya rubuta a yi haka. Ina da lambar Baba Salifu ta Kumasi. Sau biyu na ɗauki waya na ajiye. Me zan tambaye shi, ni da ake tambaya?

Aka sallamo Ummanku ana saura kwana goma Sallah, muka sa mata gado a falo kusa da tagar. Ranar Sallah abin da ta gani ta tagar nan sanduna huɗu ne baƙaƙe a cikin taɓo. Ba ta ce komai ba sai “Allah bai nufa ba, Malam, ka yi ƙoƙari.” Da ta yi mini tsiya irin tata da ya fi mini sauƙi. Na tuge su na zuba a shara da katakan duka, na shiga neman wanda zan ɗora wa laifin, ban kuwa yi nisa ba.

Bayan babbar Sallah aka yi sunan jikan Dokta Kabiru a wani ɗakin taro a Silver Spring. Kun san Dokta Kabiru, likitan yara, mai gida da fili babba. Baba Salifu ya dawo, tsohuwarsa ta rasu, yana zagawa ana yi masa gaisuwa. Muna zaune maza kusan goma sha biyar a tebur guda, sai Dokta ya ce yana shirin ba Baba Salifu aikin gyaran filinsa, shi da wasu abokansa biyu, don Baba na son barin ɗaukar buhu ya tsaya da ƙafarsa. Ya juyo ya ce mini, ai an ce ya yi maka aiki, yaya ka gani? Baba Salifu na tsaye a bayana da faranti a hannu, yana murmushi, yana jiran yabo.

“Aikin da ya yi mini?” na ce. “Ya kwaso abin da aka zubar a wurin aikinsu ya kafa mini a ƙofar gida. Ba abin da ban yi musu ba, ko wata biyu ba su kai ba. Amma laifina ne. Mutumin da bai raba mace da namiji a magana ba, ina zai raba rayayyen itace da matacce?”

Aka yi dariya, wasu da ƙarfi, wasu suna kallon ƙasa. Baba Salifu ya ajiye farantin a hankali.

“Malam, ka bi abin da na rubuta?”

“Baƙi da baƙi.”

“Yoo. To Allah ya sani.”

Ya fita. Dokta Kabiru da abokansa suka ba wani kamfani aikin. Baba Salifu ya ci gaba da ɗora buhuna a bayan motocin mutane, yana da shekara sittin da wani abu. A masallaci in na shiga sahun dama sai ya koma na hagu, saƙonnin ajami kuma suka tsaya. Wannan ne labarin da na ba ku a tebur, kuka taya ni jin haushi.

Da kaka ta shigo ganyen itatuwa ya fara yin ja, Ummanku ta fara zagaya gida da sandar nan mai ƙafa huɗu. Wata Lahadi da hantsi na ji tana ƙwala mini kira daga bayan gareji, na fito a guje na zaci ta sake faɗuwa. Na same ta tsaye a gaban wani kurmin ganye kore shar da ya kai mata ƙugu, ga furanni ja-ja masu shuɗi-shuɗi a buɗe, ƙamshi har inda nake, ga wasu 'ya'ya jajaye kamar ƙananan tumatir. Na biyar ɗin ne. Tiyona ba ya kaiwa nan, kuma tun makon farko na manta da shi sarai. Ta sa ƙafar sandarta ta ture ganye, katakon ya bayyana. Ita ma ta yi allo a gidansu. Ta karkata kai ta karanta a fili, da muryar mai cewa babu.

“Ba ruwa. Ba taki. Ba magani. Ikon Allah, shi ya sa ya yi kyau, ba wanda ya dame shi. Sauran ma haka aka rubuta musu?”

Ta dube ni, ta dubi tiyon da ke naɗe a bango, ta sake dubana.

“Malam. Me ka yi musu?”

“Na ba su.”

“Ka ba su me?”

“Duka ukun.”

Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba.

“Shekara nawa kana fassara wa gwamnati? Ɗauko makullin mota. Yau za ka je wurin bawan Allah nan.”

Ban je ba. Nan ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, don na farko kuskure ne ya haife shi. Na ce mata a gaban mutane na yi maganar, don haka sai an sake taruwa zan warware ta. Gaskiya ce, amma na mayar da ita mafaka. Aka yi taro biyu kafin ƙarshen shekara, na farko na ce mura nake yi, na biyu na je na zauna bakina ya yi nauyi har aka watse. Barcina ya lalace, karatuna na safe ya zama ina bin layi ba na fahimta. In na ɗaga hannu zan roƙi gafara sai in tuna wannan ba tsakanina da Ubangiji ne kaɗai ba, akwai mai haƙƙi, yana nan da ransa, tafiyar rabin sa'a ce a mota. A ofis kuma na fara shakkar kowace kalma, ina duba abu sau huɗu, har na nemi ritaya kafin lokacin da na tsara.

Sai annoba ta zo, aka rufe masallatai, taron da nake fakewa da jiransa ya zama babu shi gaba ɗaya. Ana cikin haka aka aiko a wayar jama'a cewa Baba Salifu na asibiti, numfashi ya yi masa wuya, a sa shi a addu'a. Na kira lambarsa, matarsa ta ɗauka.

“Ba ya iya magana, Malam. Ko mu ba a barin mu shiga. Akwai saƙo ne?”

Na ce a gaishe shi. Me zan ba ta ta kai? Na fita bayan gareji na tsaya a gaban wardin nan, na roƙi Allah kada ya ɗauki mutumin nan ina riƙe da haƙƙinsa. A tsayuwar nan na lura da wasu 'yan tsirrai da suka ɓullo daga saiwarsa, nesa kaɗan da uwar. Na tona huɗu a hankali da saiwarsu, na sa a tukwane masu huji, cikin ƙasa mai yashi, na ba su ruwan farko, na ajiye inda ranar safe ke bugawa. Daga nan sai aikin da ya fi kowane wuya a rayuwata, wato in ƙyale su. Ga ni a kulle a gida, ba ofis, ba masallaci, hannuna na ƙaiƙayi. Sai in kai har bakin famfo in dawo. In an daɗe ba a yi ruwa ba, in tura yatsa cikin ƙasar, sai na ji ta bushe sannan in zuba kofi guda. Ummanku ta ɓoye tulun feshin, ta kuma sa kujerarta inda take ganina.

“Malam, ina za ka da bokitin nan?”

“Mota zan wanke.”

“Motar da ba ta fita ba wata biyu? Ajiye.”

Allah ya tashi kafaɗar Baba Salifu. Sai da aka ƙara shekara kafin jama'a ta sake haɗuwa, a sallar idi da aka yi a fili, kowa da dardumarsa nesa da ta ɗan'uwansa. Na zo da tukwane huɗun a bayan mota, har ɗaya ya yi fure, da katakon nan a aljihun babbar rigata. Da aka shafa addu'a, kafin mutane su watse, na miƙe na ce ina da magana. Na kira Dokta Kabiru da sunansa, na kira duk wanda na tuna yana teburin nan. Na maimaita abin da na faɗa a ranar sunan, ban rage ko kalma ba, har da ta mace da namiji. Sannan na faɗi abin da na yi wa itatuwan. Na ce shuke-shuken Baba Salifu lafiyayyu ne, rubutunsa daidai ne, ni ne na kasa karanta Hausa, kuma na san haka kusan shekara biyu na yi shiru. Na ce aikin da ya rasa ta dalilina ba ni da ikon mayar masa da shekarunsa, amma duk mai fili a nan ya zo bayan garejina ya ga shaida.

Baba Salifu ya taso a hankali, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya miƙo hannu, na ba shi katakon. Ya duba, ya mayar mini.

“Karanta, Malam. Da ƙarfi. Mu 'yan zango kunnen mu ba ya ji sosai.”

Na karanta layi ukun, da muryar da ta dace. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sai kowa ya kama, har Dokta Kabiru yana share ido yana cewa a ba shi lambar Baba yanzu-yanzu. Baba Salifu bai yi dariya ba. Ya ce in kai shi wurin motar. Na buɗe masa baya, ya sunkuya ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsunsa, ya juya bayansa ya duba, ya tura yatsa cikin ƙasar tukunya, ɗaya bayan ɗaya har huɗun.

“Wa ya rene su?”

“Ni ne, Baba.”

“Me ka ba su?”

“Ban ba su komai ba.”

“Yoo. Yanzu ka iya karatu.”

Ya ɗauki uku ya ce a kai masa baranda. Mai furen kuwa ya ɗora mini a hannu, ya ce na Hajiya ne, a dasa a ƙarƙashin taga, don alkawarin da aka yi mata ya kwana biyu. Shi ne wanda kuke gani yanzu ya kai rabin gilashin, wanda Nura ke ƙorafin ƙayarsa. Na ce masa, Baba, ina so in ji da bakinka, saura me tsakaninmu? Ya kama hannuna da nasa mai kaushi, ya dube ni kamar mai zaɓen kalmar da ba za a karanta ta biyu ba.

“Babu, Malam,” ya ce. “Da baƙin shi duka. Babu.”